Harafi ɗaya a cikin hanta: yadda ciwon daji ke farawa, da abin da ya haɗa shi da gyaɗarmu

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da kuma masu cewa sun fi fahimta idan sun karanta da idonsu. Na yau yana da ɗan tsawo, a gyara zama.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko batun. A unguwarmu an yi wani bawan Allah, bai kai shekara arba'in ba, ba ya shan taba, bai taɓa kusantar giya ba. Cikin 'yan watanni sai ya fara ramewa, idanunsa suka yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Kafin a kai shi asibiti an sha zagaye. Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce an ba shi wani abu a abinci, wani ya ce shawara ce ta yi ƙarfi. Da aka yi hoto, likita ya ce ciwon daji ne na hanta, kuma ya riga ya yi nisa. Bai ƙara wata uku ba. Allah Ya jiƙansa da rahama. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, har yau akwai gida biyu da ba sa gaisawa saboda zargin da ya biyo baya.

To yau so nake mu shiga cikin jikin ɗan Adam mu ga abin da ke faruwa tun kafin ciki ya kumbura, tun shekaru ashirin ko talatin kafin nan. Masu bincike sun kai matsayin da za su buɗe ƙari, su karanta abin da ya lalace a cikinsa, wani lokaci har su nuna abin da ya lalata shi. Kuma ɗaya daga cikin misalan da suka fi fitowa fili a duniya ya shafi abin da ke cikin rumbunanmu.

Littafin da ke cikin kowace ƙwaya

Jikinka ginin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kimanin tiriliyan 30, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ban da yawancin ƙwayoyin jini, kusan kowace ɗaya tana ɗauke da littafin umarni, shi ne ake kira DNA. Da haruffa huɗu kacal aka rubuta shi: A, T, C da G. Tsawonsa ya kai haruffa kusan biliyan 3, kuma kwafi biyu gare ka, ɗaya daga wajen mahaifiya, ɗaya daga wajen mahaifi. A cikin littafin akwai babi-babi kusan 20,000, masana na kiran kowane babi da suna jin. Kowane babi bayani ne na yadda za a haɗa wani furotin, su kuma furotin su ne ma'aikatan da ke tafiyar da komai a cikin ƙwayar.

Ana karanta babin ne da kalmomi masu harafi uku-uku. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, domin jiki ya girma ko rauni ya warke, dole ta kwafe littafin nan kaf. Duk wanda ya taɓa kwafar darasi daga allo ya san hannu na zamewa. Haka ita ma. Akwai masu duba aikin suna gyarawa, kuma sun iya aikinsu matuƙa, amma lokaci-lokaci kuskure ɗaya na tsallakewa. Yawancin irin waɗannan kurakurai ba sa yin komai, domin sun faɗa inda ba ruwan kowa. Matsalar ita ce idan suka faɗa kan babin da ke kula da rabuwar ƙwayar kanta.

Totur da birki

Ku ɗauki ƙwayar halitta kamar mota. Akwai babukan da aikinsu shi ne totur, su ce “rabu, ana buƙatarki.” Akwai masu aikin birki, su ce “tsaya haka nan.” Ciwon daji shi ne motar da totur ɗinta ya maƙale a ƙasa, birki kuma ya tsinke.

Yadda aka gano haka ma labari ne. A 1911 wani likita a New York mai suna Peyton Rous ya nuna cewa wata ƙwayar bairas na iya sa wa kaza ƙari. Mutane da yawa suka ce ai wannan matsalar kaji ce. Sai a 1966, bayan shekara 55, aka ba shi kyautar Nobel. A 1976 kuma Michael Bishop da Harold Varmus a San Francisco suka gano abin da ya girgiza kowa: babin da bairas ɗin ke amfani da shi wajen haddasa ƙari, asalinsa na kazar ne. Yana nan cikin lafiyayyun ƙwayoyinta yana aikinsa na totur, irinsa kuma yana jikinmu mu ma. Bairas ɗin ɗauke shi kawai ta yi a lalace. Wato kayan aikin ciwon daji namu ne, tare aka haife mu da su, lalacewa suke yi.

A ɓangaren birki, babban jami'i shi ne wani furotin da ake kira p53. An gano shi a 1979, kuma da farko an zaci totur ne, sai bayan kusan shekara goma aka gane ashe birki ne. Aikinsa kamar na mai gadi ne. Idan ya ga littafin ya sami illa, sai ya dakatar da rabuwa har a gyara. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, sai ya umarci ƙwayar ta kashe kanta don sauran jiki ya tsira. A kusan rabin dukkan cututtukan dajin ɗan Adam, idan aka duba sai a tarar babin p53 ya lalace. Giwa, duk girman jikinta da tsawon ranta, ba ta cika kamuwa da ciwon daji ba, kuma da aka bincika sai aka ga tana da wannan babi kusan sau 20, mu kuwa guda ɗaya gare mu.

Kuskure ɗaya ba ya isa. Sai ƙwaya ta sami na farko, ta haifi 'ya'ya masu ɗauke da shi, ɗaya daga cikinsu ta sami na biyu, jikokinta su sami na uku, a haka a haka. Shi ya sa abin ke ɗaukar shekaru, shi ya sa kuma ya fi yawa ga manya. To tambayar ita ce, me ya sa a yankinmu ciwon dajin hanta ke kama mai shekara talatin da wani abu, alhali a Turai yawanci cutar tsofaffi ce? Amsar ita ce akwai abubuwan da ke ƙara gudun tara kurakuran, kuma muna haɗuwa da su tun muna goye.

Talotalon Ingila

A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, ba a san dalili ba. Da aka bi sawu sai aka tarar duk sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. A cikin tunkuzar aka sami wata funfuna mai suna Aspergillus flavus, daga sunanta aka raɗa wa gubar da take fitarwa suna aflatoksin. Wannan funfuna na zaune a cikin ƙasa, tana son zafi da laima, ta fi kama gyaɗa da masara, musamman idan fari ya wahalar da shuka, ko ƙwari sun huda ƙwayar, ko an zuba amfanin gona a buhu bai gama bushewa ba. Ku faɗa min, wanne ne a cikin waɗannan baƙo a wajenmu?

Idan gubar ta yi yawa a lokaci ɗaya tana kisa nan take. A 2004 a gabashin Kenya mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. Amma wadda ta shafi batunmu ita ce 'yar kaɗan-kaɗan ɗin nan da ake ci shekara da shekaru ba tare da an ji komai ba.

Ga yadda take aiki. Hanta ita ce matatar jiki, duk abin da ka ci sai ya bi ta cikinta. Idan aflatoksin ta iso, hanta na ƙoƙarin sarrafa ta don a fitar da ita. A cikin sarrafawar ne wani kaso ke rikiɗewa ya zama abu mai ɗanko, wanda ke zuwa ya manne a jikin harafin G na littafin DNA. Idan lokacin kwafa ya yi, mai kwafar ya zo kan G ɗin da aka ɓata wa kama, sai ya karanta shi ba daidai ba. Inda G yake, sai T ya maye gurbinsa. Daga nan duk 'ya'yan wannan ƙwaya da T za su tashi.

Kalma ta 249

A 1991 rukuni biyu na masu bincike suka fitar da sakamako a mujallar Nature. Ɗaya ya duba ƙarin hanta daga yankin Qidong na ƙasar Sin, ɗayan daga kudancin Afirka. Wurare ne masu nisan gaske da juna, abin da ya haɗa su shi ne yawan aflatoksin a abinci da yawan ciwon dajin hanta. Da suka karanta babin p53, sai suka yi ta cin karo da illa a wuri ɗaya tak. Babin yana da kalmomi 393, amma ɓarnar ta taru a kalma ta 249. A Qidong, ƙari 8 cikin 16 da aka duba a nan suka lalace.

Kalmar a lafiyarta AGG ce. Bayan gubar ta taɓa ta sai ta koma AGT. Harafi ɗaya. Amma wannan harafi ya canza tubali ɗaya a ginin furotin ɗin, daidai ɓangaren da yake amfani da shi wajen riƙe DNA. Mai gadi yana nan a bakin ƙofa, sai dai hannunsa ba ya iya kama komai.

Abin da ya ƙara wa binciken ƙarfi shi ne, idan ka je Turai ko Amurka, inda ake tace abinci sosai daga wannan guba, da wuya ka ga wannan canji a ciwon dajin hantarsu. A nan Afirka ta Yamma kuwa, wani bincike a Gambiya da aka wallafa a 2000 ya same shi a cikin jinin fiye da kashi ɗaya bisa uku na masu ciwon dajin hanta da aka gwada. Wato gubar na barin sa-hannunta, kamar yadda malami ke gane rubutun ɗalibinsa ko bai sa suna ba.

Ba ita kaɗai ke sa hannu ba. Hayaƙin taba na da irin nasa a ƙwayoyin huhu. Hasken rana na da nasa a fata, yakan mayar da CC ya koma TT, shi ya sa 'yan uwanmu zabiya, da fatarsu ba ta da kariya, suke cikin haɗarin ciwon dajin fata kuma suke buƙatar hula da dogon hannu da man kariya. Yau masana na iya karanta littafin ƙari gaba ɗaya su ware sa-hannu daban-daban a cikinsa.

Abokin ɓarna

Aflatoksin ba ita kaɗai ke aikin ba. Babban abokin ɓarnarta shi ne bairas ɗin ciwon hanta nau'in B, wanda Baruch Blumberg ya gano a shekarun 1960. A Najeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da shi. Ku lissafa da 'yan ajinku ko 'yan majalisarku. Kuma mafi yawansu ba su sani ba, domin yakan yi shekaru bai nuna alama ba.

Shekarun da mutum ya kamu suna da muhimmanci ƙwarai. Baligi idan ya kamu, fiye da 9 cikin 10 jikinsu na korar bairas ɗin da kansa. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, kusan 9 cikin 10 za su zauna da shi. A yankinmu kuma yawanci a ƙuruciya ake ɗauka, daga uwa, ko tsakanin yara ta ƙananan raunuka, ko ta aska da allurar da aka yi wa wani aiki da su ba a tsabtace ba. Ana kuma ɗauka ta saduwa da ta jini. Ba a ɗauka ta cin abinci kwano ɗaya, ko musabaha, ko zama tare, don haka a daina gudun mutane.

Me yake yi wa hanta? Na farko, sojojin jiki na ta kashe ƙwayoyin da bairas ya shiga, hanta kuma na ta haifar sababbi don cike gurbi. Rabuwa ta yawaita, kwafa ta yawaita, kuskure ya yawaita. Na biyu, bairas ɗin kan cusa guntun rubutunsa a tsakiyar littafinmu. Sau da yawa yakan faɗa kusa da wani babi da ke gyara bakin zaren DNA. Bakin nan kamar kalmasar bakin zane yake, duk rabuwa sai ya ɗan zaizaye, idan ya ƙare ƙwaya ta tsufa ta daina rabuwa. Idan aka kunna wannan babi ya ƙi mutuwa, ƙwayar ta daina tsufa ke nan.

Yanzu ku haɗa biyun. A Shanghai an bi maza kimanin 18,000 tsawon shekaru. Waɗanda aka ga alamar aflatoksin a fitsarinsu kawai, haɗarinsu ya ninka kusan sau 3. Masu bairas kawai, kusan sau 7. Masu duka biyun, kusan sau 60. Ɗaya na tilasta wa hanta yawan kwafa, ɗayar na zuba tawada a kan shafin da ake kwafa. Yaron da ya ɗauki bairas ranar haihuwa, aka yaye shi da kunun da ke da gubar, lissafinsa ya fara tun bai iya tafiya ba. Shi ya sa yake iya cika a shekara talatin da biyar.

A nan sai in ja hankali, kada wani ya firgita. Mafi yawan masu ɗauke da bairas ɗin ba za su yi ciwon daji ba. Kuma ban ce a daina cin gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko tuwon masara ba, abincinmu ne, sana'ar iyayenmu ce, kuma lafiyayyar gyaɗa abinci ce mai gina jiki. Shi kansa ciwon daji ba a ɗaukarsa daga majinyaci. Waɗanda ake gada daga iyaye ma kashi 5 zuwa 10 ne cikin ɗari, sauran a cikin rayuwa kurakuran ke taruwa.

Abin da ke hannunmu

Amfanin sanin yadda abu ke farawa shi ne a san inda za a tare shi, kuma an gwada an gani. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B a 1984, kuma zuwa 1997 aka nuna ciwon dajin hanta a yara ya ragu da kusan rabi. A Qidong ɗin nan da muka ambata, a shekarun 1980 mutane suka koma cin shinkafa maimakon masarar da ke yawan gurɓata, gubar ta ragu a jininsu, mace-macen ciwon dajin hanta suka ragu sosai. A ƙasar Gini, wani bincike da aka wallafa a 2005 ya koya wa manoman ƙauye abubuwa masu sauƙi: tsince gyaɗa da hannu, shanya a kan tabarma, tabbatar da ta bushe, zubawa a buhun algarara, ɗora buhu a kan katako. Gubar da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ta yi ƙasa da rabin ta maƙwabtansu.

To mu me za mu yi?

Na ɗaya, a je a yi gwajin ciwon hanta nau'in B. Ɗigon jini ne. Wanda ba shi da shi ya karɓi rigakafi, allura uku ce. Najeriya ta sa wannan rigakafi cikin na yara ne a 2004, don haka da yawa daga cikinmu da aka haifa kafin nan ba mu samu ba.

Na biyu, jariri na buƙatar allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. A wajenmu ana yawan haihuwa a gida, kuma an saba a ce a bari sai bayan suna. Kwana bakwai sun yi yawa. Idan yayarka ko matar yayanka ta haihu, kai ne mai babur, kai za ka tuna musu.

Na uku, wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da shi ya ga likita, kada ya tsaya ga masu tallar magani a lasifika. Akwai magunguna irin su tenofobir da ke danne bairas ɗin su rage haɗari, likita ne zai duba ya ga ko ana buƙata. Ga waɗanda haɗarinsu ya yi yawa, ana ba da shawarar hoton hanta duk wata shida, domin ƙarin da aka kama yana ƙarami ana iya yi masa aiki. A guji giya, a kuma guji jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, hantar ta riga tana fama.

Na huɗu, gona da rumbu. Kada a shanya a ƙasa tsirara. Kada a ɗure a buhu da sauran laima. A tsince wadda ta yamushe, ta canza launi, ko ƙwari suka ci. Kuma a sani, dafuwa da suya ba sa kashe wannan guba. Tsintacciyar ma kada a ce bari a yi ƙuli da ita tunda ta yi araha, ko a zuba wa saniya, domin wani kaso na fitowa a nono. Ga manoma, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani abu mai suna Aflasafe, dawa ce da aka lulluɓe da irin funfunar da ba ta fitar da guba, ana watsa ta a gona makonni biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai ta riga mai gubar kama wuri. A tambayi malaman gona.

Akwai kuma abin da ya wuce ƙarfin mutum ɗaya. Idan za a fitar da gyaɗa Turai, ana auna gubar sosai, wadda ta wuce ƙa'ida a dawo da ita. Wa ke auna wadda ake sayarwa a kasuwar ƙauyenku? Akwai allurar jarirai a ƙaramin asibitin mazaɓarku ranar Asabar da daddare? Waɗannan tambayoyi ne da ya kamata kansila da shugaban ƙaramar hukuma su saba jin su daga bakinmu.

Ciwo da lafiya duk na Allah ne, ba mai musun haka, kuma Shi ne Ya hore sanin sababi. Da iyalan maƙwabcin namu sun san abin da muka tattauna yau, wataƙila da ƙannensa sun je gwaji maimakon neman wanda ya yi jifa, domin bairas ɗin nan yakan zauna a gida ɗaya tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya.

Ranar 28 ga Yuli ce ranar ciwon hanta ta duniya, amma ba sai an jira ta ba. Ku gaya min a ƙasa: kun taɓa yin gwajin? Nawa aka caje ku a garinku? Manoman cikinmu kuma, ya kuke adana gyaɗa da masara a wajenku? Ku tura wa wanda kuka san matarsa na da juna biyu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum.